Ƙofar da Aka Ce Tana Buɗe

A watan Agusta na 1969, a birnin Los Angeles na Amurka, wata yarinya mai shekara 19, Leslie Van Houten, ta sa hannu cikin kisan Leno LaBianca da matarsa Rosemary. Mabiyar Charles Manson ce. Ta soki matar da wuƙa fiye da sau 12.

Hukuncinta na ƙarshe ɗaurin rai da rai ne, amma dokar jihar Kaliforniya ta bar ƙofa: idan hukumar sakin fursunoni ta ga mutum ya daina zama haɗari, ana iya sakinsa bisa sharaɗi. Daga 2016 hukumar ta yarda da sakinta har sau 5. Sau 5 kuma gwamnoni suka hana, Jerry Brown da Gavin Newsom. A watan Mayu na 2023 kotun ɗaukaka ƙara, alƙalai biyu a kan ɗaya, ta soke hanin Newsom, gama ba ta ga shaidar cewa matar haɗari ce a yau ba. Ta fita a Yuli, tana da shekara 73.

'Yan'uwa, ku lura, kotu ba ta ce an gafarta mata ba. Wannan ba aikinta ba ne. Tambayarta ita ce ko mai iko yana da dalili. A nan na tsaya tare da alƙalan biyun. Laifin 1969 ba zai taɓa sākewa ba. In shi kaɗai ne dalilin hani, to, kowace shekara zai isa, ƙofar kuwa zane ce kawai a jikin bango. Gara a ce wa mutum ba zai fita ba, da a riƙa kiransa yana tuba a gaban waɗanda suka riga suka yanke.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Iyalin LaBianca sun ƙi sakin, ba ni kuwa da bakin ce musu sun yi kuskure. Lokacin da nake koya wa masu shirin baftisma labarin ɓarawon nan da aka gicciye tare da Ubangiji, nakan tuna musu cewa an karɓe shi, amma ba a sauko da shi daga gicciyen ba. Ita an sauko da ita bayan shekara 53, Rosemary kuwa tana kabari tun ranar.