Hutu A Tsibirin Zanzibar A Ma'aunin Shari'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wata al'ada ta fara kama ƙasa a tsakanin masu hali, wato magidanci ya ɗauki iyalinsa, ko ango ya ɗauki amaryarsa, su hau jirgin sama zuwa wani tsibiri a tsakiyar teku su yi kwana bakwai ko goma, ba fatauci ya kai su ba, ba neman ilmi ko magani ba, hutu kurum. Cikin wuraren da aka fi ambata akwai Zanzibar, wadda ke Tekun Indiya daura da gaɓar Tanzaniya, tafiyar kamar awa 2 a jirgin ruwa daga Darussalam. Mafi yawan mutanenta Musulmi ne mabiya mazhabar Imam Shafi'i. Jama'a na tambaya, shin ya halatta Musulmi ya kashe dukiyarsa a irin wannan tafiya?

Asalin hukuncin ba shi da wuya. Imam Muslim ya ruwaito cewa sahabi Hanzala ya taɓa zargin kansa da munafunci, saboda in ya bar majalisin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai mata da 'ya'ya da dukiya su shagaltar da shi. Annabi ya kwantar masa da hankali, ya nuna masa cewa zuciya tana da lokacin ambaton Allah, tana kuma da lokacin sararawa. Saboda haka hutu halal ne. Amma malaman Malikiyya ba su ɗauki tafiye-tafiye daidai wa daida ba. Shaihu Halil a cikin Muhtasar ya sanya ƙasaru sunna ga mai tafiyar mil 48, sa'an nan ya fitar da mutum biyu: wanda tafiyarsa ta saɓo ce, da wanda tafiyarsa ta wasa ce zalla. Masu sharhi suka ce na farko an hana shi ƙasaru, na biyu kuwa an karhanta masa. Ke nan tun kafin mutum ya sayi tikiti, shari'a ta riga ta tambaye shi abin da ya fitar da shi daga gida.

Batun giya da tsiraicin bakin teku da tozarta salla ba ya bukatar dogon bayani, domin abin da ya haramta a Kano bai zama halal ba don an ƙetare ruwa. Haka nan wanda ake bi bashi, ko wanda bai sauke faralin Hajji ba alhali yana da iko, ya san abin da ya kamata ya gabatar. Inda al'amarin ya yi nauyi shi ne wajen abin da baƙo ke zuwa kallo, da kuma wanda ke ɗaukar ɗawainiyar jin daɗinsa.

Duk wanda ya sauka Zanzibar, sai masu ja-gora sun zaga da shi tsohon gari, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Za a nuna masa ƙofofin katako masu sassaƙa, da fadar da Sarki Bargash ya gina a 1883, da gidan Tippu Tip, shahararren ɗan kasuwar hauren giwa da bayi wanda ya rasu a 1905. Daga nan sai a kai shi filin da kasuwar bayi take a da. Tun da Sayyid Sa'id, Sarkin Oman, ya mai da fadarsa Zanzibar wajen 1840, gonakin kanumfari suka bunƙasa, da gumin bayin da ake korowa daga cikin ƙasar Afirka. Ba a rufe kasuwar ba sai a 1873, shi ma da matsin lambar Turawan Ingila, a wannan shekara kuma aka fara gina majami'a a filin. Akwai wani rami a harabar wanda aka tsayar da siffofin mutane na dutse a ciki, da sarƙa a wuyansu, domin tunawa.

To, yaya ya kamata Musulmi ya tsaya a bakin wannan rami? A shekara ta 9 bayan Hijira, a kan hanyar Tabuka, rundunar Musulmi ta bi ta Hijr, kufan Samudawa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda suka zalunci kansu sai dai suna masu kuka, ya lulluɓe kansa, ya gaggauta tafiya har ya wuce kwarin. Gaskiya ne Zanzibar ba wurin da azaba ta sauka ba ce, mutanenta kuwa 'yan'uwa ne a addini, don haka ƙiyasin bai cika ta kowace fuska ba. Duk da haka ladabin a fili yake: wurin da aka yi zalunci ba dandalin raha ba ne. Alƙur'ani ya yi umurni da tafiya a bayan ƙasa a wurare da dama, kamar a Suratu Ali Imrana da Suratur Rum, amma ya haɗa umurnin da duban yadda ƙarshen mutanen da suka shuɗe ya kasance. Wanda ya tsaya yana murmushi a ɗauke shi hoto kusa da sarƙa, ya yi tafiyar, bai yi duban ba.

Abin da ya fi ciwo kuwa, da yawa daga masu wannan ciniki ma'abota salla ne da azumi. Wasu suna so a kau da kai daga wannan magana don kada a ba abokan gaba makami. Wannan kuskure ne, domin addini ya riga kowa tsinuwa ga aikin. Ya zo a hadisi ƙudusi cikin Buhari cewa Allah da kansa zai zama abokin husumar mutum uku ranar alƙiyama, cikinsu har da wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. Bahaushe ma ba shi da bakin yi wa Balaraben Oman gori, gama wajen 1615 sai da Shaihu Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta fatawa yana hana bautar da mutanen Kano da Katsina da Barno, yana kafa hujja da cewa Musulmi ne 'ya'ya. Ba a rubuta fatawa a kan abin da ba ya aukuwa.

Na uku a cikin wancan hadisi shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya gama amfana da aikinsa, ya hana shi ladansa. Wannan ya mai da magana kan otal ɗin da baƙo ya sauka. Gabashin tsibirin ƙasar dutse ce mai ƙarancin ruwan daɗi. A bayan katanga akwai kwamin wanka cike fal, da furanni da ake ba ruwa safe da yamma. A wajen katanga kuwa mata ne da jarka a ka, da wasu sunkuye cikin teku lokacin da ruwa ya janye, suna noman wata ciyawar teku da ake saye da araha a fitar waje. Annabi ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda yake da rarar ruwa a kan hanya ya hana matafiyi. A nan al'amarin ya juye, matafiyi ne ke wanka da rarar, mai gari yana bin layi. Baƙon bai haƙa rijiyar ba, bai kuma yanke albashin mai share masa ɗaki ba, amma kuɗinsa ne ke tafiyar da injin.

Mai gardama zai ce, ashe ƙauracewa ta fi. A'a. Tun da darajar kanumfari ta faɗi, baƙi suka zama babbar hanyar da kuɗin waje ke shiga tsibirin, kuma direba da masunci da mai sayar da kayan yaji duk a nan suke ci. In masu tsoron Allah suka janye, an bar wa marasa kunya fili, alhali tuni abin ya dami mutanen gari, har a 2021 hukumar tsibirin ta yi shelar cin tara a kan yawo cikin gari da tufafin da ba su rufe jiki ba. Abin da ya fi kusa da daidai shi ne mutum ya tafi a matsayin baƙon 'yan'uwansa: ya zaɓi masaukin da ba a san shi da cutar maƙwabta ba, ya taƙaita ruwa kamar shi zai ɗebo, kada ya matse talaka a ciniki bayan ya biya otal ba tare da neman ragi ba, kada ya ɗauki hoton matan mutane ba izini, ya kuma fita daga katanga ya bi jam'i a masallacin unguwa. In ya yi niyyar zaman kwana 4 ma, a Malikiyya ƙasaru ta yanke, sai ya cika sallarsa kamar ɗan gari.

A kudancin tsibirin akwai ƙauyen Kizimkazi, inda motoci ke sauke baƙi da asuba su shiga kwalekwale su bi wasu manyan dabbobin ruwa da ake kira dolfin. Kusa da nan akwai wani ɗan masallaci wanda rubutun Kufi da ke jikin bangon alƙiblarsa ya nuna shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107, yana cikin mafi daɗewar masallatan Afirka ta Gabas. Mutanen ƙauyen suna salla a cikinsa, ƙofarsa kuwa ba ta da nisa daga hanyar da motocin ke bi zuwa bakin ruwa.