Gwajin Ƙwaya: Ina Iyakar Ikon Hukuma A Jikin Mutum?

Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wato kowane ɗan Adam yana da abin da yake da ikon adanawa tsakaninsa da Mahaliccinsa. To, ga shi zamani ya kawo gwajin da ke tona abin da mutum ya sha ko da bakinsa bai furta ba. Tambayar ita ce, wa ya cancanta ya tilasta wa wani wannan gwaji, kuma don me?

Babu mai musun cewa annobar ta kai intaha. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun taɓa ƙwaya a cikin shekara guda. A shekarar ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 2021, sai da hukumar NDLEA ta gwada 'yan takara, wasu kuma suka faɗi. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta amince a riƙa gwada ɗaliban manyan makarantu.

Sai dai ya kamata mai karatu ya san abin da gwajin ke iya faɗa. Wanda aka fi yi shi ne na tsinken da ake tsomawa a fitsari, cikin 'yan mintoci a ga sakamako. Wannan tankaɗe ne kawai, yakan yi kuskure, don haka masana suka shardanta a sake tabbatarwa a ɗakin bincike. Haka kuma kowane abu da daɗewarsa a jiki. Giya kan ɓace daga jini da numfashi cikin sa'o'i, wiwi kuwa takan yi makonni a fitsarin wanda ya saba da ita, gashin kai yakan riƙe shaidar kimanin wata uku. Ke nan wanda ya yi tatul da giya shekaranjiya yana iya tsallakewa, shi kuwa majinyacin da likita ya rubuta wa kodin bayan tiyata a kama shi. Tsinken ya san abin da ya ratsa jiki, amma bai san dalili ba, bai kuma san hali ba.

Ta fuskar doka, sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, sashe na 36 kuma ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar. Addini ma ya hana bin diddigin aibin mutane. A Amurka, Kotun Ƙoli ta halatta gwada ma'aikatan jirgin ƙasa bayan hatsari a 1989, amma a 1997 ta soke dokar jihar Jojiya da ta tilasta wa 'yan takara gwaji. Hujjarta ita ce sai akwai haɗari na zahiri ga jama'a kafin a keta sirrin mutum.

A ganina wannan ma'auni yana da kyau: gwargwadon rayukan da ke hannunka, gwargwadon sirrin da za ka sarayar. Direban tanka, da matuƙin jirgi, da wanda aka damƙa wa bindiga ba su da ta cewa, domin mayensu ajalin wasu ne. Ɗan takara ma, a nan na saɓa da alƙalan Amurka, shi ya kawo kansa neman amanar jama'a, sai ya haƙura, muddin ba za a gwada 'yan bora a ƙyale 'yan mowa ba.

Ɗalibi fa? Nan ne nake jin tsoro. Yaro ɗan shekara sha bakwai ba ran kowa a hannunsa sai nasa. Idan za a gwada shi don a kai shi ga likita da mai nasiha, madalla. Idan kuwa don a kore shi ne, to an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin daga bakin ƙofar makaranta dillalin ƙwaya ne zai karɓe shi. Balle 'ya mace, wadda idan sakamakonta ya fita, ko na kuskure ne, har manemanta sai sun ji. Magana zarar bunu ce, takardar gyara ba ta kamo ta.

Saboda haka sharuɗɗa uku ne nake ganin ba makawa: a tabbatar da sakamako kafin hukunci, a ba mutum damar kawo takardar likitansa, sannan a rufa asiri a nemi magani. Mu kuma marubuta, da muka saba jefa ɗan ƙwaya cikin labari don a yi dariya ko a tsine masa, ya kamata mu fara tambayar abin da ya kai shi, da kuma wanda zai dawo da shi. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.