Tsakanin Allura da Akushi

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (SAW), tunatarwar wannan Juma'a ta 'yan'uwanmu masu ciwon suga ce, musamman masu allurar insulin.

Jiki amana ne. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya koya mana raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, kuma mai suga ya fi kowa bukatar wannan. Malmala biyu ta tuwon masara, a kora da kunun zaki, suga ya tashi ke nan. A auna shi awa 2 bayan cin abinci. Likitoci na so kada ya wuce 180. A ɗan taka zuwa masallaci, yana taimakawa.

'Yan kasuwa, ku ne abin jina. Alhaji ya yi allura, mai saye ya iso, ciniki ya ja, abinci na ajiye. Nan suga ke faɗuwa: gumi, karkarwa, jiri. A sha abu mai zaki nan take, sannan a ci abinci. In abin yana maimaituwa, a je Babban Asibitin Kontagora a gyara adadin allurar.

Masu walima kuma, don Allah in baƙo ya ce ya ƙoshi, a ƙyale shi.

Allah Ya ba mu lafiya, amin.

Sakataren Masallaci