Ƙagaggen Labari a Ƙaramar Sakandare: Halaccinsa da Amanar Malami

Daga cikin tambayoyin da malamin Turanci a ƙaramar sakandare kan fuskanta a Dutsin-Ma da Kurfi akwai wadda wasu iyaye ke yi, cewa ina halaccin a zaunar da yaro zango guda yana karatun ƙagaggen labari, wato labarin da marubuci ya ƙirƙiri mutanensa da abin da ya same su, alhali addini ya haramta ƙarya. Tambayar tana da nauyi, sai dai malaman zaure sun daɗe da amsa ta a aikace, domin suna karantar da Muƙamatul Hariri, wanda mawallafinsa ya rasu a 1122, tauraronsa Abu Zaidi kuwa mayaudari ne da aka ƙaga labaransa. Ƙarya ita ce faɗin abin da bai faru ba da nufin a gaskata, shi kuwa mai ƙaga labari, da shi da mai karatu duk sun san misali ake bugawa. Abubakar Imam ma yana malami a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake koyarwar. Idan aka ɗauki The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1960, za a ga Iliya ya ƙarar da rayuwarsa yana farautar wani mai suna Usumanu don ɗaukar fansar matarsa, kuma yaran wannan yanki, waɗanda da yawansu sun ga ta'asar 'yan bindiga da idonsu, sun san zafin da ke sa zuciya ta nemi ramuwa. Malamin da ya cika allo da sunayen taurari, ya sa a haddace don jarrabawa, ya tauye wa yaran haƙƙinsu. Abin da ya kamace shi shi ne ya tambaye su me Iliya ya samu, me ya rasa, sannan ya nuna musu cewa ƙisasi, wato sakayyar rai da rai, shari'a ta damƙa shi ga hukuma, ta kuma fifita afuwa.

Wajibi ne Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma ta horar da ɗalibanta kan jan ragamar irin wannan tattaunawa kafin ta tura su aji.