Yawon bakin kogi a tsakiyar annoba

Da aka sassauta dokar kulle ta korona a Amurka a 2020, wata mummunar ɗabi'a ta yi ta yaɗuwa. Mutum ya loda tanti da tabarma a mota, ya kwashi iyali, ya ratsa jihohi uku ko huɗu, ya je ya yada zango a bakin kogi, yana cewa ai a sarari yake, korona ba ta kama mutum a fili. Har wasu 'yan'uwanmu mazauna can sun shiga sahu, suna ta turo hotuna. Wannan ganganci ne, kuma ba a kan matafiyin kaɗai yake ƙarewa ba.

Gaskiya ne cutar ta fi yaɗuwa a cikin ɗaki. To amma wa ya taɓa tashi daga Shikago ya faɗo bakin kogin Kolorado ba tare da ya tsaya ko'ina ba? Akwai gidan mai, akwai banɗakin da matafiya ɗari suka shiga kafin kai, akwai kantin da za ka sayi ƙanƙara da itacen wuta. Ƙwayar cutar tana iya kwana 14 a jiki kafin alama ta bayyana, wani ma ba zai taɓa yin ko tari ba, alhali yana rarraba ta. Yarinyar da ta karɓi kuɗinka a kantin, wurin kakarta za ta koma da dare.

Dubi garin Moab na jihar Yuta, wanda ke gaɓar Kolorado. Mutanensa ba su wuce 5,000 da 'yan kai ba, asibitinsu gado 17 ne kacal. A watan Maris na 2020 shugabannin asibitin da kansu suka roƙi a dakatar da masu yawon buɗe ido, aka rufe masaukai da wuraren zango ga baƙi. Garin da da baƙo yake cin abinci, in ka ji ya ce wa baƙo kada ya zo, ka san abin ya kai maƙura.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne halin 'yan asalin ƙasar. A watan Mayun 2020, yankin ƙabilar Nabaho ya zarce jihar Niyok a yawan masu cutar idan aka auna da yawan jama'a, ga shi kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajensu babu ruwan famfo, balle a yi maganar wanke hannu a kai a kai. Ƙabilar Siyu ta kogin Cheyenne ta kafa shingaye a hanyoyinta don kare dattawanta, gwamnar jihar ta Dakota ta Kudu a lokacin, Kristi Noem, ta ce lallai a cire. A jihar nan ce kuma, cikin watan Agusta, aka ƙirga ababen hawa sama da 460,000 sun shiga Sturgis don bikin babura, garin da mazaunansa kusan 7,000 ne, galibi babu takunkumi a fuska. Aka watse, kowa ya nufi jiharsa da abin da ya kwaso.

Mu dai Musulmi ba mu da uzuri. Sayyidina Umar ya kai har Sarg da tawagarsa a hanyarsa ta zuwa Sham, da ya ji labarin annoba a Sham sai ya juya Madina, kuma tafiyarsa ta aikin al'umma ce, ba ta shan iska ba.

A lokacin annoba irin wannan, idan zaman gida ya ishe ka, nemi kogi ko tafki a gundumarka, wanda za ka je ka dawo da man da ke tankinka. Tafi da mutanen gidanka kaɗai, da guzurinku da ruwanku. In ƙaramin gari ya kafa allo ya ce baƙi su dakata, juya motarka. In kuwa ka riga ka yi doguwar tafiyar, killace kanka mako biyu kafin ka shiga masallaci ko ka je gaida tsoho.