Kama Da Wane Ba Ta Wane

Karatu: Ezekiyel 37:1-10, Ayyukan Manzanni 19:11-17

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wani aikin hannu da yara da manya suke yi don nishaɗi, wato haɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba da yi musu fenti. Kamfanoni irin su Airfix na Ingila, Revell na Jamus, da Tamiya da Hasegawa na Japan sun daɗe suna sayar da kayan a kwali. Idan ka buɗe kwalin ba za ka ga jirgi ba. Gutsattsarin roba za ka gani, kowanne da lambarsa, suna manne da firam kamar 'ya'yan itace a reshe, sai takardar umarni da takardar tambura.

A bayan kwalin ana rubuta ma'auni, misali 1/72. Ma'anarsa ita ce an raba kowane tsawo na jirgin gaske gida 72, aka ɗauki ɗaya. Ɗauki MiG-29, jirgin yaƙi mai inji biyu da aka ƙera a Tarayyar Sobiyet, wanda ya fara tashi a 1977. Tsawonsa ya ɗan haura mita 17, gudunsa kuma ya ninka gudun sauti sau biyu. A ma'aunin 1/72 tsawonsa wajen santimita 24 ne, za ka iya ɗaukarsa da hannu ɗaya. Duk da haka babu abin da ido yake gani a jikin babban da aka manta da shi a jikin ƙaramin.

Aikin yana son haƙuri. Mai haɗawa zai yanke kowane gutsure daga firam, ya kankare bakinsa da reza. Da wurin zaman matuƙi yake farawa, ya yi wa kujera da allon agogo fenti da buroshi mai tsini kamar allura, domin da zarar an rufe ɓangarori biyu na gangar jirgin, hannu ba zai ƙara kaiwa ciki ba. Gam ɗin da yake amfani da shi yana narkar da fuskar robar ne kaɗan, har gutsure biyu su zama abu ɗaya. Sau da yawa yakan saka 'yar dalma a hancin jirgin, don kada ya zauna a kan wutsiya idan aka tsayar da shi a kan tayoyinsa. Inda aka bar tsaga, ya cike da wani abu irin filar da masu gyaran jikin mota suke shafawa, ya goge da sanfefa har wurin ya yi sumul.

Bayan haka sai fenti. Zai rufe gilashin matuƙi da tef, ya fesa fentin farko, sannan ya ɗauko ƙaramin injin feshi ya fitar da launukan ɓad-da-kama daidai da hoton jirgin gaske. Tamburan ƙasa da lambobi kuwa, jiƙa su ake yi a ruwa har su saki takardarsu, a zame su a hankali zuwa fiffike da wutsiya. Gwanayen ba sa tsayawa a nan. Sukan sa jirgin ya yi kama da wanda ya sha aiki: su zuba siririn baƙin fenti a cikin layukan jikinsa, su zana ɗigon mai a cikinsa, su shafa baƙin hayaƙi da launin ƙonannen ƙarfe a bututun da wuta take fita. Mutum yakan yi makonni, wani har watanni, a kan jirgi ɗaya. Idan aka ɗauki hotonsa da kyau, sai ka rantse a filin jirgin soja yake.

To, ɗan'uwa, ka dubi wannan baƙin hayaƙin da kyau. Wuta ba ta taɓa ci a bututun nan ba. Da buroshi aka sa shi. Idan ka leƙa ciki, galibi ba za ka sami komai ba sai fanko da 'yar dalmar nan ta hanci. Jirgin gaske yana da inji mai zuƙar iska ta gaba, ya matse ta, ya gauraya ta da mai irin na kananzir, ya kunna mata wuta, iskar mai zafi ta fita ta baya da ƙarfin da zai ɗaga tan masu yawa na ƙarfe zuwa sama. Iska da wuta su ne ransa. Ƙaramin yana da fiffike, yana da tambari, yana da makamai a ƙarƙashinsa, amma idan ka sake shi daga kan tebur, ƙasa zai faɗi ya tarwatse. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Ƙaramin jirgin nan ba shi da laifi, mai haɗa shi ma ba shi da laifi. An rubuta a kwali cewa kwaikwayo ne, kuma babu wanda ya saye shi don ya hau. Inda hatsarin yake shi ne lokacin da mutum ya zama irin wannan jirgi a cikin gidan Allah, yana kuma zaton shi na gaske ne.

Ka lura da abin da annabi Ezekiyel ya gani a karatunmu na yau. Kwari ne cike da busassun ƙasusuwa a warwatse. Da ya yi annabci, ƙasusuwan suka haɗu, kowanne ya koma mahaɗinsa. Jijiyoyi suka zo, nama ya zo, fata ta rufe. Da wani ya wuce a wannan lokaci, da ya ce an gama aiki. Amma aya ta takwas ta nuna mana cewa har a lokacin gawawwaki ne, domin numfashi bai shiga ba. Sai da Ubangiji ya sa annabin ya sāke yin annabci, wannan karo ga iska, numfashi ya shige su, sannan suka miƙe tsaye suka zama babbar runduna. Haɗuwar gaɓoɓi ba ta mai da su sojoji ba, numfashin Allah ne ya yi haka. A ranar Fentikos ma, da ƙarar iska mai ƙarfi da harsuna kamar na wuta Ruhu Mai Tsarki ya sauko a kan almajirai.

Yana yiwuwa duk gaɓoɓinka sun haɗu. An yi maka baftisma, sunanka yana cikin littafin ikilisiya, kana ba da zakka, kina sa kayan zumuntar mata, kana cikin ƙungiyar mawaƙa. Waɗannan abubuwa masu kyau ne, kada ka bar ko ɗaya. Ƙasusuwan Ezekiyel ma sai da suka haɗu kafin numfashi ya zo. Amma a cikinmu, mu da muke yawan maganar wuta, akwai wata jaraba ta musamman, ita ce shafa baƙin hayaƙi da buroshi. Mutum zai iya koyon yadda ake dusashe murya a addu'a, ya koyi inda ake faɗin Halleluya, ya haddace 'yan kalmomin da ya ji wani yana furtawa cikin harsuna ya riƙa maimaitawa. Zai iya ɗaukar shaidar wani ya gyara ta ta zama tasa. Duk wanda ya dube shi zai ce wuta ta ci a nan. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti a wasiƙarsa ta biyu, sura ta uku, cewa a kwanakin ƙarshe za a sami mutanen da addininsu ya tsaya a siffa, ikon da ke cikinsa kuwa sun juya masa baya. Ba mutanen da ba sa zuwa sujada yake nufi ba.

Kada ka ce babu komai tunda ba ka cuci kowa ba. A 1999, jiragen ƙungiyar NATO suka yi kwana 78 suna kai hari a Yugoslabiya. Sojojin saman ƙasar, da taimakon masu wannan aikin hannu na haɗa ƙananan jirage, suka ƙera MiG-29 na ƙarya da katako, masu girma daidai da na gaske, aka yi musu fenti da tambari, aka ajiye su a sansanin jiragen da ke kusa da birnin Belgired. Aikinsu ɗaya ne, su jawo hari a kansu. Kuma sun jawo. Jirgin katako yana da kamannin da zai sa abokin gaba ya nufo shi, ba shi kuwa da injin da zai tashi ya tsere, ba shi da makamin da zai rama.

Abin da ya faru a Afisa ke nan. 'Ya'ya bakwai na wani babban firist Bayahude sun ga al'ajiban da Allah yake yi ta hannun Bulus, sai suka ari kalmominsa suka je wurin wani mai aljani. Sunan da suka kira daidai ne, lafazinsu ma daidai ne. Aljanin ya nuna musu ya san Yesu, ya kuma san Bulus, amma su bai san da zamansu ba. Mutum ɗaya ya fi ƙarfin su duka, suka fita da gudu tsirara, jikinsu duk rauni. Duniyar ruhohi ba ta karanta tambari. Idan kana ɗauke da sunan Almasihu, Shaiɗan zai nufo ka ko kana da iko ko ba ka da shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar da yaro ya kwanta ciwo asibiti ta rasa gane kansa, ranar da wani ya raɗa maka cewa akwai boka a ƙauye kaza, ranar da aka ajiye maka kuɗin haram a kan tebur babu mai gani, ranar ce za a san ko akwai inji a ciki.

Ta yaya za ka gwada kanka tun kafin wannan rana? Kada ka auna da ƙarar muryarka a ranar Lahadi. Jirgi ana saninsa ne idan ya bar ƙasa. Tambayi kanka: akwai zunubin da ya riƙe ni a da, wanda yanzu ya sake ni? Akwai wanda ya cuce ni da na yafe masa har cikin zuciya? Ina addu'a a ɗaki inda babu mai jina? Matata ko mijina, da 'ya'yana, da masu sayayya a shagona, za su iya shaida ƙauna da haƙuri da kamunkai da Galatiyawa sura ta biyar ta kira albarkar Ruhu? Idan amsoshin nan sun sosa maka rai, kada ka yi saurin rufe wannan shafi. Ruhu Mai Tsarki ne yake nuna maka fankon, kuma ba ya nunawa don ya kunyata ka.

Ga albishir. Babu mai iya sa injin wuta a jirgin roba, narkewa zai yi. Amma kai ba roba ba ne a hannun Allah. A sura ta 36 ta Ezekiyel, kafin wahayin ƙasusuwan, Ubangiji ya riga ya yi alkawarin musanya zuciya mai taurin dutse da sabuwa, ya kuma sa Ruhunsa a ciki. Yesu ya ce wa almajiransa, waɗanda suka yi shekara uku suna binsa, kada su bar Urushalima sai iko ya sauko musu daga sama. Idan su ma sai da suka jira, kai da ni ba mu fi su ba. A Luka sura ta 11 kuma ya tabbatar mana cewa Uba na sama ba ya hana Ruhu Mai Tsarki ga wanda ya roƙa.

Saboda haka ka ajiye buroshi. Ka daina ƙoƙarin nuna wa 'yan'uwa wutar da ba ta ci ba. Ka faɗa wa Allah gaskiyar halinka da bakinka, ka tuba daga riya, ka mayar da abin da ba naka ba, ka shirya da wanda kuke gaba. Sa'an nan ka keɓe lokaci a wannan mako, da azumi idan lafiyarka ta yarda, ka roƙa, ka kuma ci gaba da roƙo har ya cika ka. Wanda ya hura wa busassun ƙasusuwa numfashi bai canja ba.

Addu'a: Ya Uba, kai kake ganin abin da ke ciki. Ka gafarta mini inda na nuna wa mutane abin da ba ni da shi. Ka kankare duk fentin riya daga rayuwata. Ka hura mini numfashinka, ka cika ni da Ruhu Mai Tsarki da wuta, domin in tsaya a ranar gwaji, in kuma zama mai amfani a rundunarka. A cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.