Lambar da Ke Jikin Fim

Karatu: Matiyu 6:22-23, Karin Magana 4:23

Ka taɓa lura da 'yar lambar nan da ke fitowa kafin fim ya fara? Hukumar tace finafinai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1993, tana sa lambobi irin su 12, 15 da 18. In ka ga 18, gargaɗi ne cewa abin da ke ciki ya fi ƙarfin idon yaro, kamar kisan gilla, zubar da jini ko abin firgita. To, in hukuma ta hango haɗari, mu da Ubangiji ya ba amanar 'ya'ya sai mu miƙa musu waya mu juya baya?

Yesu ya kwatanta ido da fitila. Abin da ya shiga ta ido, a zuciya yake sauka. Yaron da ya kalli fim ɗin fatalwa da yamma, shi ne mai razana da tsakar dare. Tsoro kuwa ba daga wurin Allah yake ba (2 Timoti 1:7).

Yau ka duba lambar kafin ka kunna, ka sa wa waya makulli. Kai ma babba, cika shekara 18 ba ya tsarkake abin da kake kallo. Ka tambayi Ruhu Mai Tsarki tukuna.

Addu'a: Ya Uba, ka tsare idanunmu da zukatan 'ya'yanmu, ka kori ruhun tsoro daga gidajenmu, cikin sunan Yesu. Amin.